Kada Ki Toshe Ramin Nan, Uwata

Sersouf, Tamanrasset
Laraba, bayan la'asar

Zuwa ga ɗiyata, mai sunan mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ku kun sauka Idlès lafiya, ke da maigidanki Malam Issufu da amaryata, jikata Mariyama. Allah Ya sa hanyar nan mai duwatsu ba ta wujijjiga ku da yawa ba. Ya sa ku shiga sabon gida da ƙafar dama, Ya yi wa shagon da zai buɗe albarka, Ya tsare ku daga abin da ido ke gani da wanda ba ya gani.

Na san dariya za ki yi da kin ga takarda cikin jakar kayan aikin da na ba ki. Za ki ce tsohon nan ga waya a aljihunsa, jiya ma muna tare a tsakar gida, me ya hana shi faɗa da baki? To, bakin ne ya ƙi, Uwata. Shekara ashirin da huɗu ke nan ina ɗauke da wata magana, duk ranar da na yi niyyar faɗin ta sai in fasa. Hannu kuwa bai taɓa ƙi mini aiki ba, shi ya sa na ba shi alƙalami. Ki yi haƙuri da rubutun, aji huɗu na yi a lekkol can Damagaram kafin na gudu.

Kin tuna shekaranjiya da Malam Issufu yake nuna mana hotunan gidan da ya kama muku haya? Muna shan shayi, waya na yawo hannu zuwa hannu, har aka zo kan hoton ɗakin wanka. Ga shofo rataye a bango daga ciki, wato abin zafafa ruwan nan mai aiki da gas. Ƙasa da shi kuma ga ramin shan iska, wanda ya zauna gidan kafinku ya cusa masa kwali da tsumma. Kika tafa hannu kika ce, "Ka gani ko, Baba? Mutanen Idlès sun fi ka tausayi. Ni dai a gidana na huta da ramin Baba!" Kowa ya yi dariya, har ƙannenki. Ni na ajiye kofina na fita, kika ɗauka fushi na yi. Wallahi ba fushi ba ne. Tsoro ne ya kama ni.

Zan zo kan ramin. Amma bari in fara da ƙananan, kin san ni ba na taɓa babban aiki sai na ɗumama hannu.

Lokacin da na zo garin nan bulo nake ɗauka a wurin gini. Wani dattijo mai gyaran famfo, Ammi Lahdar, Allah Ya jiƙansa, ya ga ina yawan leƙen aikinsa, ya ce in biyo shi. Wata uku da farawa ya aike ni ni kaɗai gidan wata tsohuwa, robine ɗin kicin ɗinta, wato kan famfon, na ɗiga. Ni kuwa a lokacin ƙarfi ne kawai jarina. Na ce ai ɗiga rashin ɗauri ne. Na sa makulli, wato sifana, na murɗa, yana ɗiga. Na ƙara murɗawa, yana ɗiga. Na ciji leɓe na sa duka ƙarfin bulo, sai ji na yi ƙas! Wuyan robine ya tsage, ruwa ya yi tsalle ya bugi rufi. Abin kunyar ma, ban san inda ake rufe ruwan gidan ba, don ban tambaya ba da na shigo. Ga ni na danne wurin da babban yatsa, ruwa na feshe mini ido, tsohuwa na zagina da Larabci, ni kuma ina ba ta haƙuri da Hausa, ba mai jin wani.

Da Ammi Lahdar ya zo bai yi faɗa ba. Ya wuce bayan ƙofa ya murɗa wani ɗan hannu ja, ruwa ya tsaya cak. Ya kwance robine ɗin ya ciro wata 'yar roba baƙa mai kamar zobe, ta cinye ta tsage, ya ɗora mini a tafin hannu. Ya ce, "Ɗana, wannan ce ta gaji. Kai kuma ka je ka kashe lafiyayyen."

Saboda haka ranar da kika shiga gidan, ki nemi wannan ɗan hannun da ke rufe ruwan gida duka. Yawanci yana kusa da ƙofar waje, inda tiyo ya shigo. Ki murɗa shi ki ga yana aiki, ki nuna wa Malam Issufu, don na lura shi mutumin kirki ne amma bai san gaban makulli da bayansa ba. In robine ya fara ɗiga, kada ki yi kokawa da shi. Ki rufe ruwa, ki kwance kan, ki canza robar. Na sa miki guda goma cikin gwangwanin madara. Robine kuma da yatsa biyu ake rufe shi. Na faɗi haka ne don na san hannun da kika gada, da zuciyar ma, duk nawa ne. Na sha jin yadda kike murɗa na gidanmu in ranki ya ɓaci, har daga ɗaki nake tausaya masa.

Kuskure na biyu ke ma kin ji labarinsa, amma a bakin innarki, ita kuma kullum sai ta rage mini laifi. A shekarun can ruwa ba kullum yake zuwa ba, sai a yi kwanaki famfo na huci babu ko ɗigo. Sai na ƙirƙiro dabara: in bar robine a buɗe, in tara masa bokitin ƙarfe, da ruwa ya zo mu ji ƙara mu tashi mu cika randuna da jarkoki. Dabarar ta yi aiki har na fara koya wa maƙwabta, ina jin kaina. Ran nan aka yi suna a wata unguwa, muka kulle gida muka tafi gaba ɗaya. Ruwa ya zo da hantsi, mu kuma sai bayan la'asar muka dawo. Tun daga bakin layi na ga yara na wasa cikin taɓo, a garin da ba a yi ruwan sama ba wata da watanni. Na ce, "Wane marar hankali ne ya yi wannan?" Muna matsowa na ga daga ƙarƙashin ƙofarmu yake fitowa.

Buhun garinmu ya zama kunu. Matasan kai na fata da kakarki ta ba innarki suka jiƙe suka yi wari, dole aka zubar. Amma abin da ya fi ci mini rai kallon da maƙwabta suka yi mini, mutanen da wasunsu ruwan bai ko kai gidajensu ba ranar, saboda ni na shayar da titi. Na gwammace a ce sun zage ni.

To in ruwa ya ɗauke muku, ki bi robine ɗaya bayan ɗaya ki rufe, ko da minti biyar za ki yi a maƙwabta. In ya dawo, na farko yakan zo da yashi da ja-ja, ki tara shi ki ba shuka, kada ki bar shi ya bi ta cikin shofo. In kin ga ruwa ya rage ƙarfi a robine ɗaya sauran kuwa lafiya, ba tiyo ba ne, 'yar rariyar bakinsa ce. Ki kwance ta da hannu, za ki ga wani fari-fari kamar kanwa ya liƙe, ki jiƙa ta a ruwan lemun tsami ta wuni. Kuma an ce mini sanyin Idlès ya fi namu cizo, har ruwa kan daskare cikin tiyo ya fasa shi. Duk tiyon da ke waje ko kan rufi ku naɗe shi da tsofaffin buhuna tun sanyi bai kankama ba.

Hannu ya ɗumama. Yanzu ki zauna, in Mariyama na jikinki ki miƙa ta ga babanta.

Kina da shekara biyu, daidai Mariyama yau, na aika aka zo da ku ke da innarki daga Damagaram. Da zafi kuka zo, ta ce garin ba laifi. Da sanyi ya shigo sai ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Hannunta ya tsattsage, ke kuma da kin ga bokitin wanka sai ihu. A lokacin wani da na yi wa aiki ya ba ni tsohon shofo da zai yar. Na kwana biyu ina gyaransa har ya kama. Na rataye shi cikin ɗakin wanka, don nan tiyo ya fi kusa. Kai, Uwata, ki ga alfahari! Mu ne Hausawan farko a layinmu da ruwan zafi ke fito wa daga famfo. Mata suka riƙa zuwa kallo suna sa hannu suna salati.

A bangon ɗakin akwai rami biyu da mai gidan ya bari, ɗaya ƙasa, ɗaya sama. Iskar duwatsu kuwa ta nan take shigowa. Ran nan innarki ta ce, "Malam, ruwan da daɗi, sai dai iskar nan tana yankar ƙafar yarinya." Na ɗauko tsohuwar hular sanyina na cusa a ramin ƙasa, na dunƙule takardar buhun siminti na cusa a na sama, na kuma shimfiɗa tsumma a ƙarƙashin ƙofa. Ta yi ta sa mini albarka.

Ga inda maganar take: na sani. Ba jahilci ba ne. Ammi Lahdar ya faɗa mini ba sau ɗaya ba, cewa wutar shofo numfashi take yi kamar mutum, in ta rasa iska sai ta fitar da guba marar wari marar launi. Ni da kaina na sha faɗa wa masu gidaje haka. Amma da abin ya zo gidana sai na ce ai wanka ne na 'yan mintoci, mutanen nan tsoro ne ya yi musu yawa, mu da muka tashi da murhu cikin ɗaki me ya same mu? Na ga matata na rawar sanyi, na so in zama gwarzo a idonta.

Kwana uku bayan nan, da hantsi, ina tsakar gida ina gyaran wani robine da aka kawo mini. Innarki ta shiga da ke wanka. Ina jin ki kina dukan bokiti kina waƙarki da ba mai gane ta. Can sai waƙar ta tsaya. Ban kula ba. Abin da ya tashe ni kunnen sana'a ne: ruwan da ke zuba a jikin mutum ƙararsa na canzawa, wanda ke zuba a siminti kuwa murya ɗaya gare shi. Na ji muryar nan ɗaya ta yi tsawo. Na kira ta, shiru. Na ƙara kira, shiru. Na sa kafaɗa na ɓalle ƙofar.

Tana kwance a ƙasa, ke kina kife a kan ƙafafunta, jikinki ya saki kamar tsumma. Ban san yadda na fito da ku ba. Na dai san na ajiye ku a tsakar gida ina kiran sunan Allah, kaina ni ma yana juyawa.

Mutane suka cika gidan. Wata tsohuwa 'yar garinmu ta duba ta ce, "Mutanen ɓoye ne. Ta shiga makewayi ba addu'a." Nan take kowa ya yarda. Aka kawo garwashi a kasko, aka zuba turare, aka kara muku hayaƙi a hanci, ku da iska kuke nema. Ni kuwa ina tsaye, na san abin da ya faru sarai, na yi shiru. In na buɗe baki, kowa zai ji cewa mai gyaran famfo ne ya toshe rami a gidansa. Kunya ta riƙe mini harshe alhali kina mutuwa a gabana. Wannan shirun ya fi toshe ramin muni, kuma shi ne abin da ban taɓa yafe wa kaina ba.

Allah Ya kawo Lalla Tekna, maƙwabciyarmu 'yar mutanen Ahaggar, wadda kike tunawa da tana ba ki dabino. Tana jin Hausa don ta zauna Agadas. Ba ta tsaya kan kowa ba, ta wuce ɗakin wanka ta rufe gas, ta fito da hulata a hannu. Ta sa ƙafa ta ture kaskon turaren, ta zo ta danƙa mini hular, ta dube ni ido cikin ido. Ta ce, "Taka ce ko? Je ka nemo mota." Iyakar abin da ta faɗa ke nan, har ta koma ga Allah ba ta ƙara ba.

A asibiti suka sa muku abin numfashi. Ke kafin la'asar kin farka kina neman burodi. Innarki sai washegari ta buɗe ido, kuma ba duka ta dawo ba. Ciwon kan nan da ke kwantar da ita, daga ranar ne. Mantuwar nan ma daga ranar ce. Da ba haka take ba, Uwata. Matar da ke riƙe sunan kowa a dangi har kakannin kakanni, ita ce yau take zuba gishiri sau biyu a miya, take shiga ɗaki ta tsaya ta rasa abin da ya kawo ta. Kun tashi kuna ce mata Inna Mantau, tana dariya tare da ku. Na tuna ranar da ta manta rigarki ta lekkol a kan igiya akuya ta tauna, kika yi mata tsawa har ta yi ƙwalla. Na yi miki faɗa ranar fiye da kima, kika yi kwana biyu ba kya gaishe ni da fara'a. Ba ke nake yi wa faɗan ba, da kaina nake.

Har yau a unguwa cewa ake mutanen ɓoye suka taɓa ta, ba ta taɓa gyara wa kowa ba. Na taɓa tambayarta dalili. Ta ce, "In aka ji kai ka toshe, wa zai ƙara kiranka gidansa? Kuma ai ni na ce maka ina jin sanyi." Shekara ashirin da huɗu, mun yi faɗa irin na miji da mata ba adadi, ko sau ɗaya ba ta jefe ni da maganar nan ba. Na san kuma ba mantawa ta yi ba.

A satin na fitar da shofo tsakar gida na yi masa 'yar rumfa, inda kika tashi kika gan shi. Ramin bango kuwa na ƙara masa faɗi, ko da yake shofo ya fita, don na kasa ganin bangon a rufe. Kuka tashi kuna wanka iska na kaɗa ku, kuna cewa ramin Baba, ni kuma ban taɓa gaya muku dalili ba. Shekaranjiya na gane abin da shiruna ya haifar: na rene ki kina ganin ramin nan rigimar tsoho ce kawai. Ga shi za ki shiga gidan da shofo ke ciki, rami a toshe, da yarinya 'yar shekara biyu, kina murna.

Don Allah, don Annabi, Uwata, ki ji wannan ko da kin watsar da sauran. Kafin ki kwance ko ƙullin kaya ɗaya, ki shiga ɗakin wankan ki ciro kwalin nan da tsumman. Ki duba sama, in akwai rami na biyu shi ma ki buɗe. Ko kin buɗe, kada ku kunna shofon. Ki dafa ruwa a tukunya a tsakar gida kamar yadda kakanninki suka yi. Nan da sati biyu in Allah Ya yarda zan biyo motar masu kayan lambu in zo in fitar da shi waje da hannuna, in duba bututun hayaƙinsa, don tsuntsaye na son yin sheƙa a ciki. Bayan nan ma ki riƙa kallon wutarsa: shuɗiya ita ce lafiya, in ta koma ruwan ɗorawa ko kika ga baƙi na taruwa a jikinsa, ki kashe. Kaskon garwashi ma kada ya zauna muku a ɗaki rufe, duk tafiyarsu ɗaya.

In wata rana kika ji kanki na sarawa, Malam Issufu ma ya ce nasa na ciwo, ko zuciya na tashi, ko Mariyama ta yi laushi tana neman barci ba lokacinsa ba, kada ki tsaya neman wari, ba shi da wari. Ki buɗe ƙofa, ku fita waje, a rufe gas, ku tafi likita. Duk wanda ya ce miki mutanen ɓoye ne, ki ce ya biyo ku da addu'arsa can. Ki yi addu'ar shiga makewayi kamar yadda aka koya miki, ramin kuma ki bar shi a buɗe.

Innarki na zaune gefena tana tsince shinkafa. Ta tambaye ni me nake ta rubutawa kamar mai takardar ofis, na karanta mata duka. Can ta tashi ta shiga ɗaki, na ɗauka ta manta abin da ya kai ta, sai ga ta da hular. Ashe tana ƙasan akwatinta duk shekarun nan, a wanke, a ninke. Ni na zaci na yar da ita tuni. Ta ce, "Sa mata a jakar. Ka ce ta sa wa Mariyama a ka in an fito wanka. Nan ne wurinta tun farko."

Hular tana ƙarƙashin gwangwanin robobin. Za ta yi wa amaryata yawa, ki naɗe bakin sau biyu.

Ki yafe mini, Uwata. Na kusa kashe ki da hannuna, na kuma ɓoye miki. In kin ga innarki ta sake zuba gishiri sau biyu, ki ci ki yi shiru, ki san wurin wa za ki kawo ƙara.

An ce waya ba ta kamawa sosai a can sai an hau tudu. Ki hau. Ba sai kin yi doguwar magana ba, ba sai kin ce komai kan abin da na rubuta ba in bai yi miki ba tukuna. Ki ce mini kawai, "Baba, sanyi na shigowa." Ina nan riƙe da wayar har sai na ji.

Allah Ya tsare mini ku, Ya raya Mariyama, Ya ba ku zaman lafiya da maƙwabta na gari irin Lalla Tekna. Ya sa ku kwanta lafiya ku tashi lafiya, Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Innarki da ƙannenki suna gaishe ku. Ki gaishe mini da Malam Issufu da kyau.

Wassalam.

Ni ne babanki,
Mamman mai gyaran famfo